Tsatsar Motar Babana

Duk wanda ya mallaki ƙarfe, ko da allura ce, ya san tsatsa abokiyar gaba ce. Maƙeri yana kankare ta, uwargida tana dirje ta da toka, direba kuwa yana bin ta da fenti da baƙin mai duk inda ta ɓullo. Saboda haka ban ga laifin abokan aikina ba da suka riƙa yi mini kallon wanda ya fara taɓuwa, lokacin da suka ji na shafe wata biyar ina neman tsatsa ruwa a jallo, har ina kashe kuɗi wajen haɗa ta, a shekarar da aljihun kowa ya bushe. Wani daga cikinsu ya ce mini, "Dakta, in tsatsa kake so, zo ka kwashi ta jikin motata kyauta." Na taya su dariya, domin a lokacin ban shirya ba su labarin ba. Yanzu da masu shirya wannan mujalla suka nemi wani abu daga alƙalamina, na ga lokaci ya yi, bayan na nemi izinin waɗanda labarin ya shafa, sun kuma ba ni.

A unguwar Sabo ta Shagamu aka haife ni, cikin Hausawan da cinikin goro ya zaunar da su a ƙasar Yarabawa tun kaka da kakanni. Mahaifina direba ne. Ya yi shekara ashirin yana jigilar goro zuwa Kano da wata babbar mota ƙirar Marsandi, irin mai gajeren hancin nan da ake kira 911. An fara ƙera zuriyar masu gajeren hancin a Jamus a 1959, daga baya aka riƙa harhaɗa su a Inugu tun farkon shekarun 1980, har suka zama jakunan hanyoyin ƙasar nan. Kan motar Baba ƙarfe ne mai shuɗin fenti, bodinta kuwa katako ne da kafintoci suka gina, an rubuta mata "Haƙuri Maganin Duniya" a goshi. Tun kafin in iya karatu na haddace hanyarta kamar yadda ɗan makarantar allo ke haddace sura: Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori, a haye Kogin Kwara a gadar Jebba, sai Mokwa, Tegina, Birnin Gwari, Kaduna, Zariya, Kano. Tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. In za ta dawo kuma sai a loda mata albasa, ko wake, ko kanwa, wani jiƙon ma shanu.

Mu yaran Sabo ba mu da wani buri a lokacin da ya wuce mu zama direbobi. Da gwangwanin madara da waya muke ƙera motocinmu, mu yanko tayoyi daga tsohon silifa, mu ɗaura zare mu yi ta ja cikin kwatami muna kukan inji da baki. Tawa kullum shuɗiya ce. Da karatu ya janye ni, sai na bar wannan sana'a, ita ma motar ta ci gaba da tsufa a bayan idona. A 2004, da gyaranta ya fi ƙarfin abin da take kawowa, Baba ya sayar da ita ga 'yan gwangwan, suka yayyanka ta da wuta, suka auna ta a sikeli. Abin da ya rage mana shi ne hoto guda, wanda aka ɗauka a 1984 ranar da aka ba shi makullinta, tana ƙyalli, shi kuma yana tsaye ya dafa ƙofarta.

A 2021 Allah ya jarrabi Baba da shanyewar ɓarin jiki. Hannunsa na dama ya mutu, harshensa ya yi nauyi, sai na ɗauko shi da Inna suka dawo gidana da ke cikin jami'a, inda asibiti ya fi kusa. Jiki ya ɗan samu, amma mutumin da a da in ya fara ba da labarin hanya sai shayi ya huce a hannun masu sauraro, ya koma sai ya wuni bai haɗa jimla uku ba. Likita ya ce mu riƙa jan shi da hira a kan abin da yake so. Mun ja, bai biyo ba. Ana cikin haka malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Na sami kaina da lokaci mai yawa da uba mai shiru. Wata rana ina kallon hoton nan sai zuciyata ta raya mini in ƙera masa motarsa, ƙarama, yadda zai iya ɗora ta a cinya.

Wani abokina da ke sashen koyar da zanen gine-gine, wanda aikinsu ne yin ƙananan samfuran gidaje, shi ya koya mini ma'auni. Muka zaɓi ɗaya bisa 24, wato duk abin da ya kai santimita 24 a jikin mota zai zama santimita ɗaya a samfuri. Da wannan lissafi motar da ta haura mita bakwai ta dawo kimanin santimita 30, tsawon rula ta 'yan makaranta. Na lanƙwasa kanta da gwangwani da fallen roba, na daidaita hancin da irin cukun da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi, na gina bodin da siraran katako, ɗaya bayan ɗaya. Wata uku na yi ina wannan aiki. Wani mai rubutun allunan talla ya ara mini 'yar bindigar feshi, na fesa mata shuɗi, na bi da man ƙyalli, na rubuta karin maganar goshin da buroshi mai gashi uku. Kujerar direba kawai na bari ba kowa, domin ban so in sassaƙa siffar mai rai ba. Da ta kammala, ita da hoton 1984 kamar an tsaga kara.

Bayan sallar la'asar na kai masa ita a kan faranti, yara suna biye da ni. Na durƙusa na ce, "Baba, ga motarku ta dawo." Ya karɓa da hannun hagu, ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe yana dubawa. Ni ɗan fari ne, ba ya kama sunana, sai ya ce, "Malam, motar wa ce wannan?" Na ce tasa ce. Ya girgiza kai, ya miƙo mini, ya ce a hankali, kalma tana jan kalma, "Wannan ko Ogbomosho ba ta taɓa zuwa ba."

Ba zan ɓoye ba, na ji zafi. Amma a daren, ina kwance, sai na lura da abu biyu. Na farko, wannan ce jimla mafi tsawo da ya yi cikin makonni. Na biyu, gaskiya ya faɗa. Ni kaina ban taɓa sanin motar hoton ba, domin ina ɗan shekara uku aka ɗauke shi. Wadda na sani, wadda nake jin kukanta tun daga bakin kasuwa in fita da gudu, ta koɗe, ta yi tabo, tana warin gas da ɗanyen goro. Na ƙera wa Baba kwana ɗaya daga cikin shekara ashirin, kuma kwanan da babu abin da ya faru a cikinsa.

Da na shiga bincike a intanet sai na tarar ashe abin da nake nema fanni ne mai zaman kansa a wurin masu ƙera ƙananan jirage da motoci a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, wanda zan kira tsufantarwa, wato sa wa sabon samfuri alamun shekaru da aiki. Cikin waɗanda ake ambata a matsayin magabatan fannin akwai wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, John Allen, wanda ya gina ƙaramar duniyar jiragen ƙasa a gidansa da ke Monterey ta jihar Kalifoniya. A 1948 ya ci wata gasa da samfurin rumfar ajiye kan jirgi, wadda ya koɗar da ita, har ya ɗora mata tantabaru da kashinsu a rufi, a zamanin da kowa ke gasar ƙyalli. Ya rasu a 1973, kwanaki kaɗan bayan haka gobara ta cinye aikin nasa, sai hotuna suka rage. Na karanta wannan, na kalli faya-fayan bidiyo har idona ya yi ja, na ɗauka na iya.

Gwajina na farko abin kunya ne. Na haɗa ruwan ƙasa da ja, na bi motar ina shafawa ko'ina, har kan tayoyi da katako. Ta fito kamar an tsamo ta daga tukunyar miya. Ban nuna wa Baba ba. Na sa ta a jaka na kai wa wani dattijon Bayarabe mai gyaran jikin mota a garejin bayan gari, wanda ya yi zaman Kaduna, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Malam, yaushe roba ta fara tsatsa? Tsatsa ba ta sauka sai inda ruwa ya kwana." Ya ja hannuna ya zaga da ni cikin matattun motocin da ke garejin, yana nuna mini da yatsa: ƙasan ƙofa, inda ramin zubar ruwa ya toshe, bakin gilashi, inda robar ta tsage, kan noti da kusa, gefen madigadi, inda taɓo ke maƙalewa ya riƙe danshi, da kuma duk inda aka taɓa yin walda, domin wuta ta ƙone fentin wurin.

Na yi mako biyu ina zuwa garejin nan da littafi da fensir, ina zama gaban ƙarafa kamar ɗalibi gaban malami. Abin da masana kimiyya ke faɗa shi na gani da idona. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take tura fenti daga ƙasa ya yi bororo kafin ya fashe ya ɓare. Launinta ma ba ɗaya ba ne. Sabuwa, wadda ruwan jiya ya haifa, ruwan goro ce mai haske. Wadda ta kwana biyu ja ce mai duhu. Tsohuwa kuwa, wadda ta shekara tana ci, ta kusa zama baƙa, ga kaushi. A tabo guda sai ka ga duka ukun, baƙar a tsakiya, mai hasken a gefe, da wani siririn hawaye da ya gangaro ƙasa ta inda ruwa ya bi. Na shekara arba'in ina wuce tsatsa ban taɓa kallon ta ba.

Na wanke motar da tina, na koma farko. A wannan karon sai na fara da abin da ke ƙasa. Na fesa wa kan motar launin tsohuwar tsatsa gaba ɗaya, na bari ya bushe. Sannan na ɗiga ruwa a wuraren da nake son fenti ya ɓare, na barbaɗa gishiri ya manne, ya bushe, na fesa shuɗi a kai. Da shuɗin ya kama, na bi da jiƙaƙƙen buroshin goge baki, gishirin ya narke ya faɗi, ya bar ramuka masu bakin da ba su daidaita ba, duhun ƙasa yana leƙowa ta ciki. A nan ma'auni ya koya mini hankali. Ƙwayar gishiri mai faɗin milimita biyu, in an mayar da ita jikin mota ta gaske, tabo ne na kusan santimita biyar. Dole na daka gishirin a turmi na tankaɗe. Akwai wata dabarar mai kama da wannan, inda ake fesa man feshin gashi na mata tsakanin fenti biyu, domin ruwa yana narkar da shi, sai na sama ya ɓaɓɓare da kansa. Maiɗakina ta ba ni nata, bisa sharaɗin kada in faɗa wa kowa, ga shi yau na karya alkawari.

Shuɗin ma ban bar shi yadda yake a gwangwani ba. Na sirka shi da fari a rufi da saman hanci, inda rana ta fi duka, na kuma kashe ƙyallin gaba ɗaya, domin babu abin da ke tona asirin samfuri kamar sheƙi. Ƙananan tabo na yi su da guntun soso, in tsoma a fenti, in goge a takarda har ya kusa bushewa, sannan in dangwala. Hawayen tsatsa kuwa da fentin mai na masu zane ake yin sa: a ɗiga ɗigo kamar kan allura, a jiƙa buroshi da tina, a ja shi ƙasa sau ɗaya. Na kuma jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya a ruwan khal, na bar shi kwanaki ya ruɓe, na shanya, na niƙe, na sami garin tsatsa na gaske. Ruwan da ya rage na shafa wa katakon bodi bayan na jiƙa shi da baƙin shayi mai kauri, nan take ya koma toka-toka kamar wanda ya sha damina goma.

A wannan mataki ne Baba ya shigo aikin. Na mayar da teburina barandar da yake zama, ban ce masa komai ba. Kwana biyu yana kallo. Rana ta uku, ina jan hawayen tsatsa a gefen hanci, sai na ji ya ce, "Ba nan ba." Na ɗago. Ya nuna da haɓa, ya ce ta ɗaya gefen ne ruwan lagireto ke tofowa in ta yi zafi a hawan Jebba, kuma ba ƙasa yake gangarowa kai tsaye ba, iska tana kwantar da shi baya. Na goge, na sake. Ya ce, "Yauwa."

Daga wannan rana barandar ta zama aji, ni ɗalibi. Ya ce ƙarfen da ke ƙarƙashin bodi ya fi ko'ina lalacewa, domin goro ba ya son bushewa, sai an riƙa yayyafa wa huhunan ruwa a hanya, ruwan kuma ya bi ta tsakanin katako ya sauka a kansa, in an dawo kuma kanwa da fitsarin shanu su ƙarasa aikin. Ya ce in bar matakalar hawa da hannun ƙofa ba tsatsa, domin inda ƙafa da hannu ke gogawa kullum sai dai ya yi santsi ya yi haske. Na goga musu bakin fensir na murza da yatsa, suka ɗauki sheƙin ƙarfe. Ya sa na koɗe fentin bakin tagar direba, daidai inda gwiwar hannunsa ta shekara ashirin tana kwana. Ƙura ma ya ce iri biyu ce. Ta Kudu ja ce, tana kama tayoyi da ƙasan bodi. Na ɗebo jar ƙasa a bayan gida na tankaɗe da ƙyalle, ina mamakin cewa abin da ya ba ta launin nan dangin tsatsa ne, wato ƙarfen da ke cikin ƙasar. Ta Arewa kuwa fara-fara ce, ta hunturu, wadda iska ke kwasowa daga hamada, musamman ƙwarin Bodele da ke Chadi, tana kwanciya a rufi da tamfol. Ita kuma na share ta daga saman kabad ɗin ofishina, inda ta kwanta tun hunturun da ya wuce.

Kowane tabo da labarinsa. Wannan lotsawar ta bamba, saniya ce a Tegina. Wancan ƙonewar kusa da salansa, ranar da tamfol ya kama wuta ne suka kashe da ruwan goro. Harshen da ya yi nauyi ya fara sakuwa, har Inna ta riƙa fitowa da tabarma tana gyara masa shekaru in ya rikita su. Na yi murna, na ɗauka aikin ya biya.

Sai dai akwai wuri guda da na tsallake da gangan. A kusurwar baya ta dama, motar da na sani tana da katako uku da launinsu ya bambanta da sauran, da wani ƙarfe da aka yi wa walda ya riƙe su, wanda tsatsa ta ci har ya yi baƙi. Duk shekara in an yi wa motar fenti kafin babbar salla, Baba ba ya bari a taɓa wurin. Ina da shekara goma, a ƙarshen daminar 1991, aka dawo da motar da wannan gyara, aka kuma dawo ba tare da Kawu Auta ba, ƙanen Inna, ɗan shekara goma sha tara, wanda yake yaron motar. Abin da aka faɗa mana shi ne, mota ta mutu a kan hawa da dare tsakanin Jebba da Mokwa, ana ruwa, ya sauka zai sa weji, ta gangaro baya ta matse shi da bishiya. Aka ce ƙaddara, aka yi addu'a, ba a sake ta da maganar a gidanmu ba har shekara talatin da ɗaya.

Na yi shawara da maiɗakina, ta ce in bar wurin lafiyayye, tsoho mai ciwo ba a tono masa kabari. Na yarda da ita, domin ni ma abin da nake so in ji ke nan. Na yi wa kusurwar katako iri ɗaya da sauran, na bi ta da ƙura, na riƙa ajiye motar ta yadda wannan gefe zai fuskanci bango.

Wata safiya ya ce in miƙo masa ita. Ya juya ta a cinyarsa har kusurwar ta fuskance shi, ya ɗora babban yatsa a kai. Ya ce, "Malam, wa ya gyara nan?" Na ce ban tuna yadda wurin yake ba. Ya dube ni irin duban da yake mini ina yaro in na yi ƙarya, bai ce komai ba. Kwana uku bai fito baranda ba. A rana ta huɗu ya sa aka kira ni ɗakinsa, ya ce a kira Inna ma. Ta zauna a bakin gado. Abin da ya faɗa ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, ba kuma zan kawo shi duka ba. Tun a Ilori, in ji shi, ya ji birki ya fara laushi. Wani bakanike ya ce ya kwana a gyara da safe. Shi kuwa ya lissafa goron mutane da ke bayansa, da kasuwar da za ta kuɓuce, da bashin motar da bai gama biya ba, ya ce za ta kai Mokwa. Ya ce, "Ni na ce masa ya sauka. Ban taɓa gaya miki maganar Ilori ba."

Inna ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta ce, "Malam, na sani. Wanda kuka ɗauko a Ilori ya gaya wa Yaya tun ranar sadakar bakwai." Ta ce ta yi shekara biyu tana jira ya faɗa da bakinsa, da bai faɗa ba, kuma ta ga ba ya bari a shafa wa wurin fenti, sai ta gane ya faɗa ta hanyar da zai iya, ta yafe, ta bar wa Allah sauran. Ni dai na tashi na fita, domin akwai zaman da bai kamata ɗa ya gani ba.

Washegari na ɓalle katako uku na kusurwar, na sa waɗanda ban jiƙa da shayi sosai ba, na lanƙwasa guntun gwangwani na manna a matsayin ƙarfen walda. Da na zo sa tsatsar, Baba ya miƙo hannun hagu. Na tsoma soson a garin tsatsa da fenti na ba shi. Hannun yana rawa, ya dangwala da ƙarfi, tabon ya fito ƙato, ya malala har kan katako. Bisa lissafin ɗaya bisa 24, tabon ya kai faɗin faranti, kuma duk wanda ya san fannin zai ce a nan aikin ya ɓaci. Na ɗauko tina zan rage, sai na fasa, na mayar da murfin.

Sana'ata koyar da adabi ce, kuma da aka koma aji ban iya raba wannan abu da abin da nake karantawa a rubutun ɗalibaina ba. Da yawa daga cikin gajerun labaran da ake kawo mini, taurarinsu irin motata ta farko ce: kyakkyawa, mai ladabi, mai ilimi, ba ta taɓa zuwa Ogbomosho ba. In na yi magana, sai marubucin ya koma ya yi irin kuskurena na biyu, ya shafe tauraron da mugunta tun daga kai har ƙafa. Abin da dattijon gareji ya koya mini shi nake faɗa musu yanzu, cewa su nemo inda ruwa ya kwana. Aibin mutum yana da mazauni da dalili, yawanci kuma yana kusa da wurin da ya fi yin aiki. Ƙwazon da ya sa mahaifina ya ciyar da mu ya biya mana makaranta, shi ne ya hana shi kwana a Ilori. Ina kuma gaya musu kada su manta da matakala da hannun ƙofa, wuraren da yawan amfani ya sa suka yi haske.

Har yanzu ban tabbata na kyauta ba da na fara wannan aiki, domin na ga hawayen tsoho, abin da ban taɓa gani ba, kuma da hannuna na jawo shi. Maiɗakina tana nan a kan ra'ayinta. Abin da na sani shi ne, tun daga ranar Baba yana kiran sunan Kawu Auta a addu'arsa da ƙarfi, Inna tana cewa amin daga inda take.

Motar tana kan kabad a ɗakinsa, kusurwar dama tana fuskantar ƙofa. A daminar da ta biyo baya, danshin ƙasar nan ya sami gwangwanin da na yi ƙarfen walda da shi, ta inda almakashi ya yanka, sai ga tsatsa ta gaske, ruwan goro mai haske, ta ɓullo a gefen wadda muka shafa. Na ɗauko samfefa zan kankare kafin ta yaɗu. Baba ya ce, "Bar ta, Malam. Yanzu ta fara aiki."

Allah ya jiƙan Kawu Auta da sauran waɗanda hanya ta riƙe, ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya. Amin.